Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato Kan Da'awar Cewa Zaman Natsuwa na Taro Yana Rage Laifi

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Mu wasu malaman ƙididdiga ne da ma'aikatan lafiyar al'umma mazauna Jos, Musulmi da Kirista. Mun rubuto ne kan wata dabara da aka daɗe ana tallata wa gwamnatoci da rundunonin tsaro a ƙasashe da dama, musamman inda rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Masu ita suna cewa idan aka tara wani adadi na mutane a zaure ɗaya, safe da yamma, suka rufe ido suna zaman natsuwa irin wanda ake kira Transcendental Meditation, ko TM a taƙaice, to laifuffuka da faɗace-faɗace da haɗuran mota za su ragu a garin baki ɗaya, har a unguwannin da ba su ma san ana yi ba. Jos, garin da ya ga rikicin 7 ga Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, shi ne irin garin da wannan tayi yake nema. Muna so duk ranar da ya iso teburinku ya tarar da tambayoyi a shirye.

Mai wannan koyarwa shi ne Maharishi Mahesh Yogi, wani malami ɗan Indiya da ya fara yaɗa ta a shekarun 1950, ya rasu a ƙasar Holan a 2008. Aikin kansa ba shi da wuya: mutum ya zauna minti 20 sau biyu a rana, ido a rufe, yana maimaita wata kalma a zuci wadda malaminsa ya ba shi. Da farko Maharishi ya ce idan kashi 1 cikin 100 na mutanen gari suna yin haka, rayuwar sauran za ta gyaru. A tsakiyar shekarun 1970 ya fito da mataki na gaba mai suna TM-Sidhi, wanda a cikinsa akwai abin da suke kira tashi sama, alhali abin da ido ke gani tsalle ne mutum yake yi a kan katifa, ƙafafu a harɗe. Daga nan sai aka rage adadin da ake bukata ƙwarai. Sabon lissafin shi ne a ɗauki kashi 1 cikin 100 na jama'a, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan kason. Gari mai mutum miliyan 1, kashi ɗayansa 10,000 ne, lambar kuwa 100. To mutum 100 ke nan sun ishi Jos da kewaye. Mutum 200 sun ishi miliyan 4, wato fiye da yawan jama'ar Filato a ƙidayar 2006. Mutum 1,500 sun ishi miliyan 225, kusan Nijeriya gaba ɗaya. Nan ne daɗin tallar yake, domin babu kwamishinan da zai ji cewa mutum 200 za su kwantar da jiha guda bai ɗaga kai ba.

Akwai maganganu biyu a nan da ake cakuɗawa, kuma dole a raba su. Ta farko ita ce zaman natsuwa yana amfanar wanda ya yi shi. Wannan akwai ƙanshin gaskiya. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta buga a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47 da mutane sama da 3,500, ya sami matsakaiciyar hujja cewa wasu nau'o'in zaman natsuwa suna rage fargaba da ƙuncin zuciya da ciwo, ko da yake hujjar nau'in da ake maimaita kalma ta fi rauni. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2013 ana iya duba TM a matsayin abin da zai ɗan taimaka wajen hawan jini. Ba mu da jayayya da wannan. Magana ta biyu ita ce mutum yana zaune a wani zaure a Rayfield, natsuwarsa ta hana wani saurayi a Gangare ko Unguwar Rukuba zare wuƙa, ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, ba waya, ba saƙo. Masu da'awar suna jingina ta da wani fanni na kimiyyar fiziks, suna cewa tunanin ɗan Adam yana haɗe da tushen dukkan ƙarfin da ke duniya. Mafi yawan masana wannan fanni ba su karɓa ba, kuma babu na'urar da ta taɓa auna wannan abu da ake cewa yana fita daga zauren. Duk wanda ya zo muku da takardun asibiti kan hawan jini don ya kafa hujjar rage rikici, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Gwajin da suka fi alfahari da shi shi ne na birnin Washington na Amurka, daga 7 ga Yuni zuwa 30 ga Yulin 1993, ƙarƙashin jagorancin John Hagelin. Mahalarta sun yi ta ƙaruwa har suka kai kusan 4,000 a makon ƙarshe. Rahoton da aka buga a 1999 a mujallar Social Indicators Research ya ce manyan laifuffukan cin zarafi, wato kisa da fyaɗe da jikkata mutum, sun ragu da kashi 23.3 cikin 100 a lokacin da taron ya fi cika. A lura da abin da aka kwatanta da shi. Ba a ce laifi ya ragu da wannan kaso idan aka gwada da bara ba. An ce ya gaza abin da wani lissafi ya hasashe cewa zai kai, bisa alƙaluman shekarun baya da kuma zafin gari. Ashe nauyin hujjar duka yana kan wannan hasashe, kuma masu neman tabbatar da da'awar su ne suka gina shi. A sauya shekarun da aka dogara da su, ko a sauya yadda aka saka zafin rana a lissafin, kason zai motsa. Kisan kai kuwa, wanda shi ne laifin da ya fi wuyar ɓoyewa domin akwai gawa, bai ragu ba a waɗannan makonni, kuma birnin ya rufe shekarar da kisa 454. Da aka haɗa kisa da jikkatawa a kwando ɗaya, sai yawan jikkatawa ya danne shi. Akwai kuma wani abu da lissafinsu ya jawo musu. Washington tana da mutum kusan 600,000 a lokacin, wanda a ƙa'idarsu mutum 77 sun isa. Amurka duka kuwa mutum 1,600 da 'yan kai take bukata. Taron ya ninka wannan fiye da sau biyu, don haka ya kamata a ga sauyin a faɗin ƙasar cikin makonnin nan takwas, ba a birni ɗaya ba.

Na biyu shi ne na birnin Ƙudus a watannin Agusta da Satumbar 1983, wanda mujallar Journal of Conflict Resolution ta buga a 1988. An ce ranakun da masu zaman suka fi yawa, mace-macen yaƙin Labanan sun fi ƙaranci. Philip Schrodt ya mayar da martani a wannan mujalla a 1990, sannan Evan Fales da Barry Markovsky suka yi nasu a 1997. Daga cikin abin da masu suka suka tayar akwai batun iyaka: Amman ta Jodan ta fi Beirut kusa da Ƙudus nesa ba kusa ba, to me ya sa tasirin zai tsallake miliyoyin da ke kusa ya sauka a Labanan? Akwai kuma batun ranaku. Yawan masu zuwa zaman ba ƙuri'a ce ta tsara shi ba, ya danganta da hutu da ƙarshen mako da bukukuwan Yahudawa, waɗanda su ma suna iya shafar motsin sojoji. Marubutan sun kare kansu, muhawarar ta ci gaba, amma wannan gibi na rashin ƙuri'a ba a cike shi da bayani bayan an gama.

Za kuma a kawo muku Mozambik, domin misali ne na Afirka, a ce TM ne ya kawo ƙarshen yaƙin basasarta. Gaskiya ne Shugaba Joaquim Chissano ya rungumi TM a farkon shekarun 1990, ya shigar da shi cikin sojoji da 'yan sanda, ya kuma yaba masa a fili. Sai dai tattaunawar sulhu da 'yan tawayen Renamo ta fara ne a Rum tun 1990 da sa hannun ƙungiyar Sant'Egidio ta mabiya Katolika, aka sa hannu ranar 4 ga Oktoban 1992, a daidai lokacin da masu ɗaukar nauyin ɓangarorin biyu daga waje suka janye, fari kuma ya galabaitar da kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakaru, aka yi zaɓe a 1994. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Kuma kusan dukkan binciken da ke goyon bayan wannan da'awa ya fito ne daga mutanen da ke da alaƙa da ƙungiyar TM ko jami'arta da ke Fairfield a jihar Iowa. Wannan bai sa ya zama ƙarya ba, amma shekara kusan hamsin ba tare da wasu 'yan ba-ruwanmu sun maimaita gwajin sun sami abin da aka samu ba, abin dubawa ne.

Yanzu bari mu dawo gida, domin alƙaluman Jos sun fi na Washington sauƙin yaudara.

Rikici a nan ba ya zuwa kaɗan-kaɗan kowane mako. Wata da watanni shiru, sai kwana uku su ci rayukan da shekara ba ta ci ba. Kuma yaushe ake neman sabuwar dabara? Bayan an yi ta'adi. A daidai wannan lokaci ne ake sa dokar hana fita, a ƙaro sojoji, sarakuna da malaman addini su zauna, mutane su shige gida. Ko ba a yi komai ba, watan da ya biyo bayan mummunan wata kusan kullum ya fi shi sauƙi. Duk shirin da aka fara a wannan gaɓa, zaman natsuwa ne ko wasan ƙwallo, zai fito da alƙaluma masu kyau. Ga kuma yanayi: rigingimun gona da kiwo a Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu suna da nasaba da damina da lokacin girbi, zaɓe yana da nasa zafin, azumi da Sallah da Kirsimeti suna sauya zirga-zirga da yawan jami'an da ke kan titi. Sannan littafin ofishin 'yan sanda yana nuna abin da aka kai ƙara ne kawai. Sauyin DPO ɗaya yana iya ɗaga lamba ko ya sauke ta, laifin kuwa yana nan yadda yake.

Ƙananan lambobi su ma tarko ne. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani yanki yana samun mutum 4 da aka sara ko aka harba a mako. Mako mai 2 da mako mai 6 duk cikin kai-komo ne na yau da kullum. Idan aka sauka daga 4 zuwa 3, mai talla zai rubuta cewa an sami ragin kashi 25 cikin 100, alhali mutum ɗaya ne. Don a iya gane ragin kashi 20 cikin 100 da tabbaci, ana bukatar a ƙirga aukuwa kusan 350 a makonnin da ba a zaman, da makamancin wannan tsawon lokaci a makonnin da ake yi. A yankin misalinmu wannan ya haura mako 80 kowane ɓangare, fiye da shekara uku ke nan jimilla, kuma da yake rikicinmu a dunƙule yake zuwa, ainihin abin da ake bukata ya fi haka. Gwajin wata biyu ba zai gaya muku komai ba.

Sai yawan ma'auni. Masu wannan bincike suna son abin da suke kira ma'aunin ingancin rayuwa, inda ake haɗa laifi da haɗarin mota da mace-mace da rashin aikin yi, har da shan taba da giya, kamar yadda suka yi a jihar Rhode Island a 1978. Idan aka duba ma'auni 20, kowanne da ƙa'idar da aka saba ta yarda da kuskure sau 1 cikin 20, damar a sami aƙalla ɗaya da ya nuna nasara bisa tsautsayi kawai ta kai kashi 64 cikin 100. Wanda aka bar shi ya zaɓi ma'auninsa bayan ya ga sakamako ba zai taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

Idan duk da haka hukuma ta ga dacewar a gwada, ga yadda gwajin zai zama mai ma'ana. Kafin kowa ya zauna, masu tayin su rubuta ma'auni guda ɗaya da za a yi hukunci da shi. Mun fi son yawan waɗanda aka kai sashen gaggawa da raunin harbi ko sara a manyan asibitocin gari, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da Asibitin Ƙwararru na Filato, haɗe da gawarwakin da aka kai ɗakin ajiya saboda irin wannan rauni, domin asibiti ba shi da riba a ɓoye lamba. Su rubuta ƙananan hukumomin da tasirin zai rufe, da inda zai tsaya. Idan Jos ta Arewa da ta Kudu ne, su faɗa. Idan zai kai Bauchi ko Lafiya, su faɗa, domin garin da tasirin bai kai ba shi ne za a kwatanta da shi. Su rubuta kason ragin da suke alkawari, da lissafin da za a yi amfani da shi dalla-dalla. A sa hannu, a ajiye kwafi a wurin wani da ba ruwansa. A tattaro alƙaluman aƙalla shekara uku da suka wuce, mako-mako, a kuma gwada su da rumbunan bayanai masu zaman kansu kamar ACLED da Nigeria Watch.

Abu mafi muhimmanci shi ne ƙuri'a. Wani daban, ba masu tayin ba, ya jefa ƙuri'a ya ware makonnin da za a yi zaman da waɗanda ba za a yi ba, a cakuɗe cikin damina da rani. Jadawalin ya zama sirri ga 'yan sanda da ma'aikatan asibitin da ke ƙirge da 'yan jarida. Dalili shi ne, da zarar an yi shela, jami'ai za su ƙara sintiri, jama'a su ƙara kula, sai a rasa wanne ne ya yi aikin. Masu da'awar sun ce tasirin ba ya bukatar kowa ya sani, don haka sirri ba zai cuce su ba. Idan suka ce tasirin yana daɗewa bayan an tashi, sai su faɗi kwana nawa, a bar wannan tazara tsakanin makonnin. A riƙa ɗaukar sunayen mahalarta kowane zama, domin uzurin da aka fi kawowa bayan an gaza shi ne adadin bai cika ba. Uzuri na biyu shi ne da ba don mu ba da abin ya fi haka muni. Takardar da aka sa wa hannu tun farko ita ce maganin duka biyun. Kuɗin gwajin kuwa, abinci da masauki da alawus na mutum 100 kullum, da kuɗin koyon TM sannan TM-Sidhi, waɗanda duk biya ake yi, ya fito daga aljihun mai da'awa. Baitulmali ba ya biyan kuɗin tabbatar da hajar ɗan kasuwa.

Akwai batun addini, kuma a Jos ba a wasa da shi. Masu koyar da TM suna cewa ba addini ba ne. Amma kafin a ba ɗalibi kalmarsa, ana yin wani ɗan biki inda yake kawo furanni da 'ya'yan itace da farin hankici, malamin ya rera waƙar yabo da harshen Sanskirit a gaban hoton malamin Maharishi. A 1977 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta hana koyar da shi a makarantun gwamnati saboda ta ga akwai addini a ciki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979. Baligi yana da 'yancin zaɓar abin da yake so. Amma a gaya masa wannan a rubuce, da Hausa da Turanci, kafin ya shiga, kuma kada a tilasta wa ɗan makaranta ko ƙaramin jami'in da ba zai iya ce wa ogansa a'a ba. Idan iyaye suka ji labarin hoto da furanni daga bakin yaro bayan an gama, shirin zaman lafiya ne zai haifi sabuwar rigima. Wani zai ce ai mu ma muna taruwa mu yi alƙunutu da saukar Alƙur'ani, coci-coci suna azumi da addu'ar dare don ƙasa. Haka ne, kuma ibada ce da mai ita yake yi don Ubangijinsa. Babu limami ko fasto da ya kawo wa gwamnati takardar biya yana cewa ya rage laifi da kashi kaza. Wanda ya zo da kaso da lambobi ya shigo fagen awo, sai a auna shi.

A gefen lafiya kuma, wani nazari na 2020 da ya tattara bincike da dama ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na masu zaman natsuwa suna fuskantar illa, galibi fargaba da ƙuncin zuciya. A garin da mutane da yawa suka ga an kashe nasu a gabansu, rufe ido a yi shiru na tsawon lokaci yana iya dawo da abin da aka gani. Duk shirin irin wannan yana bukatar tantancewa tun farko da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a kusa.

Idan kuwa abin da ake nema shi ne hanyar da gyaran tunani ke rage ta'adi, akwai wadda aka gwada da ƙuri'a a nan Afirka ta Yamma. A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki samari 999 masu zaman tasha da tsofaffin 'yan tawaye, aka raba su da ƙuri'a. Wasu suka sami horon mako takwas kan danne fushi da tsara rayuwa, wasu dala 200, wasu duka biyun, wasu ba komai. Waɗanda suka sami duka biyun sun rage sata da faɗa sosai, kuma da aka koma bayan shekara goma an tarar bambancin bai gushe ba. A Chicago wani shiri makamancinsa a makarantu ya rage kama ɗalibai da laifin cin zarafi da kusan rabi a lokacin da yake gudana. A New York an raba fitilu da ƙuri'a a rukunin gidajen gwamnati a 2016, manyan laifuffukan dare a waje suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A duka ukun an san ta inda tasirin ya bi: an taɓa saurayin da kansa, ko an haska lungun da kansa.

Bukatarmu ita ce hukuma ta fitar da gajeriyar ƙa'ida a rubuce, wadda za ta shafi duk wani shiri da ya yi alkawarin rage rikici da wani kaso, na gida ne ko na waje: ma'auni ɗaya da aka rubuta tun farko, iyaka a taswira, ƙuri'a, mai ƙirge wanda ba ya cikin shirin, da alkawarin buga sakamakon ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Kada a ba da tambarin hukuma ko zaure ko jami'ai kafin a cika waɗannan. Idan irin wannan takarda ta zo, a shirye muke mu karanta ta mu rubuta muku ra'ayinmu cikin mako biyu, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ƙara wa Filato lafiya.

Naku,
Wasu malaman ƙididdiga da ma'aikatan lafiyar al'umma, Jos.